Tun Ran Gini Ran Zane: Gida Mai Ɗumi Daga Ƙarƙashin Daɓe

Idan mai karatu bai manta ba, a ƙarshen shekarar 2022 babu hirar da ta fi yawa a tsakanin mazauna Birtaniya kamar ta kuɗin gas da lantarki. Hukumar Ofgem, wadda ke ƙayyade farashin makamashi a ƙasar, ta sanar da cewa abin da matsakaicin gida zai biya a shekara zai tashi zuwa fam 3,549 daga watan Oktoba, alhali kuwa a sanyin da ya gabace shi fam 1,277 ne. Sai da gwamnati ta sa baki ta ɗauki wani kaso na nauyin kafin aka tsayar da shi a fam 2,500. Farashin ya sauko daga baya, amma bai koma inda yake a 2021 ba, kuma magidanta da dama sun koyi darasin da ba za su manta ba, wato a ƙasar sanyi kuɗin gida bai ƙare a ranar da aka karɓi makulli ba.

Wannan ne ya sa 'yan uwanmu da suka daɗe a nan, waɗanda suka kai ga sayen gida ko suke shirin gina nasu, ko kuma ƙara ɗaki a bayan wanda suke ciki, suka fara sauraren maganar ɗumama gida ta ƙarƙashin daɓe. Tsari ne da ake binne siraran bututai a cikin daɓen ɗaki, ruwan ɗumi yana zagayawa a cikinsu, daɓen kansa ya zama shi ne hita. Ga mutanen da suka saba cire takalmi a bakin ƙofa, su zauna a ƙasa su ci abinci, su yi sallah a ƙasa, yara su yi rarrafe a ƙasa, ba sai an yi dogon bayani a kan daɗin wannan abu ba.

Sai dai kuma akwai abin da masu tallar kayan ba su cika faɗa ba. Daɓe mai ɗumi ba ya rage kuɗin wuta shi kaɗai. Amfaninsa yana fitowa ne a gidan da aka riga aka toshe duk wata kafa da zafi ke tserewa ta cikinta. Wanda ya binne bututu a gidan da iska ke shiga ta ko'ina, tamkar mai zuba ruwa a kwando ne, sai dai shi nasa kwandon ya ci dubban fam.

Tsohuwar dabara ce

Duk wanda ya ziyarci tsohon wurin wankan Rumawa da ke garin Bath zai ga jerin ƙananan ginshiƙai na bulo a ƙarƙashin inda daɓe yake a da. Rumawa kan ɗora daɓen a kan waɗannan ginshiƙai, su hura wuta a wani murhu da ke waje, zafi da hayaƙi su ratsa ta ƙarƙashin ɗakin su fice ta cikin bango. Kusan shekara dubu biyu ke nan da yin haka a wannan tsibiri.

Mutanen Koriya su ne suka riƙe dabarar ba tare da yankewa ba. A tsarinsu da suke kira ondol, hayaƙin murhun girki ne ke bi ta wasu hanyoyi a ƙarƙashin faffaɗan duwatsun da aka shimfiɗa a matsayin daɓe, ta yadda wuta ɗaya ke dafa abinci ta kuma ɗumama ɗakin kwana. Bayan da suka koma amfani da curin gawayin kwal a tsakiyar ƙarni na 20, iskar guba da ke ɓullowa ta tsagar daɓe ta riƙa kashe mutane cikin barci, abin da ya sa aka sauya hayaƙi da ruwan zafi a cikin bututu. A yau kusan duk gidajen Koriya ta Kudu, har da dogayen benaye, da haka ake ɗumama su. Shi ma Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage, domin a karkara an san gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, inda ake zuba garwashi saboda tsofaffi da masu jego a lokacin hunturu.

A Amurka, shahararren mai zanen gine-ginen nan Frank Lloyd Wright ne ya fito da tsarin fili. Ya fara cin karo da shi a birnin Tokyo, inda aka shigar da shi wani ɗaki da aka gina irin na mutanen Koriya, daga baya kuma ya binne bututai a daɓen wani ƙaramin gida da ya zana a garin Madison na Jihar Wisconsin a 1937. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi abin a babban sikeli a Levittown da ke Jihar New York, inda aka gina gidaje fiye da 17,000 tsakanin 1947 da 1951, da bututun jan ƙarfe a cikin kankare. Da tafiya ta yi tafiya, bututan da yawa suka rube suka fara yoyo, ga shi kuma ba a sa abin tare zafi a ƙarƙashin kankaren ba, saboda haka wani kaso na zafin yana tafiya ne cikin ƙasa. Wannan ya ɓata wa tsarin suna na tsawon shekaru. Abin da ya farfaɗo da shi shi ne bututun roba mai ƙarfi da ake kira PEX, wanda wani Bajamushe mai suna Thomas Engel ya gano hanyar sarrafa shi a shekarun 1960. Ba ya tsatsa, yana lanƙwasuwa, kuma ana iya shimfiɗa shi a ɗaki guda ba tare da mahaɗa ko ɗaya a cikin kankare ba.

Yadda yake aiki

Hitar bango da muka saba gani a gidajen Ingila ƙarama ce, don haka dole ta yi zafi sosai kafin ta wadatar da ɗaki. A tsofaffin gidaje ruwan da tukunyar gas ke tura mata yakan kai digiri 70 ko fiye a ma'aunin Salshiyos. Tana ɗumama iskar da ke kusa da ita, iskar ta tashi sama ta taru a silin, ƙafafun mutum kuwa suna cikin sanyi.

Shi kuwa daɓe faɗinsa faɗin ɗaki ne, saboda haka ba ya buƙatar zafi mai yawa. Ruwa mai digiri 35 zuwa 45 ya ishe shi, a gida mai kyau ma ƙasa da haka. Mafi yawan ɗuminsa yana isowa jiki ne kai-tsaye, kamar yadda mutum ke jin hantsi a jikinsa da safiyar hunturu ko da iska tana kaɗawa. Wannan ne ya sa mutum kan ji daɗin ɗaki ko da ma'aunin iska ya nuna ƙasa kaɗan da abin da ya saba.

To amma daɓe yana da iyaka. Ƙa'idar da ake bi a Turai ta tanadi cewa kada saman daɓen ɗakin zama ya wuce digiri 29, domin fiye da haka tafin ƙafa ba ya jin daɗi, masu sayar da daɓen katako kuma sukan tsayar da nasu a digiri 27 don kada katakon ya tsage. Lissafin injiniyoyi shi ne, duk digiri ɗaya da daɓe ya fi iskar ɗaki, kowane murabba'in mita yana bayar da zafin kimanin wat 10 zuwa 11. Ke nan idan ɗaki yana digiri 20, daɓe yana 29, iyakar abin da za a samu shi ne kimanin wat 100 a murabba'in mita. Tsohon gida mai siririn bango da tagogi masu zuƙo iska yana iya zubar da fiye da haka a daren da sanyi ya tsananta. A irin wannan gida bututu zai yi ta aiki dare da rana, mita tana gudu, mai gida kuma yana lulluɓe da bargo.

A fara toshe ɓaraka

Gidajen Birtaniya suna cikin mafiya tsufa a Turai. Kimanin ɗaya cikin biyar na gidajen Ingila an gina su ne kafin 1919, akasarinsu da bangon bulo zalla wanda babu komai a tsakiyarsa. Mai gina sabon gida yana da damar da mazauna waɗannan gidaje ba su da ita, domin shi zai iya gyara lamarin tun a kan takarda.

Ma'aunin da ya fi tsauri a wannan fanni shi ne wanda Jamusawa ke kira Passivhaus. Wani masanin kimiyya Bajamushe, Wolfgang Feist, tare da Farfesa Bo Adamson na ƙasar Suwidin ne suka tsara shi, aka kuma kammala gidajen farko a unguwar Kranichstein ta garin Darmstadt a 1991. Sharaɗinsa shi ne kada ɗumama gida ya ci fiye da yunit 15 a kowane murabba'in mita a shekara, yunit ɗaya kuwa shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, irin wanda ke fitowa a takardar kuɗin wuta. Bari mu buga lissafi. Gida mai faɗin murabba'in mita 120 zai buƙaci yunit 1,800 ke nan a shekara. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙiyasin da Ofgem ta fitar a 2023 ya nuna matsakaicin gida yana shan yunit 11,500 na gas a shekara, wanda mafi yawansa ɗumama ɗakuna ne ke cinyewa, sauran kuma ruwan wanka da girki.

Abubuwa huɗu ne ke kawo wannan bambanci. Na farko shi ne abin da magina ke kira insuleshan, wato soso ko audugar dutse ko allunan kumfa da ake lulluɓe gida da su tun daga rufi, bango, har ƙarƙashin daɓe, mai kauri da yakan kai santimita 25 ko 30 a bango. Dole lulluɓin ya zagaye gidan ba tare da yankewa ba, domin inda duk ƙarfe ko kankare ya ratsa daga ciki zuwa waje, ya zama gadar da zafi ke bi ya fice, kuma a nan ne raɓa ke taruwa.

Na biyu, tagogi masu gilashi rufi uku, waɗanda ake fuskantar da manyansu kudu domin su kama ranar hunturu. Sai dai a haɗa su da rumfa ko abin kare rana, domin wanda ya ga watan Yulin 2022, lokacin da zafi ya haura digiri 40 a Ingila a karon farko, ya san gida mai riƙe ɗumi yana iya zama tanda idan aka yi sakaci.

Na uku, toshe duk wata kafar iska. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma sanyi. Ana gwada wannan ne ta hanyar ɗaura babbar fanka a ƙofar gida, a zuƙe iskar ciki, a auna yawan wadda ke kutsowa ta ramuka. A ma'aunin Passivhaus ba a yarda iskar da ke shiga a awa ɗaya lokacin gwajin ta wuce kashi 60 cikin 100 na iskar da gidan ke ɗauka ba. Shawarar masana ita ce a yi gwajin tun kafin a yi filasta a rufe bango, lokacin da ake iya ganin ramin a liƙe shi.

Na huɗu, na'urar sauya iska. Gidan da aka toshe dole a samar masa hanyar numfashi. Wannan na'ura tana fitar da gurɓatacciyar iska daga kicin da banɗaki, ta shigo da sabuwa ɗakunan kwana da falo, kuma a kan hanya tana ƙwace ɗumin mai fita ta bai wa mai shigowa ba tare da sun gauraya ba. Masu kyau daga cikinsu suna ceto kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na ɗumin.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan harka ce ta attajirai kaɗai. A garin Norwich, ƙaramar hukuma ta gina wa masu haya gidaje kusan 100 a Goldsmith Street bisa wannan ma'auni, kuma a 2019 unguwar ta lashe kyautar Stirling, wadda ita ce mafi girma a fannin zanen gine-gine a Birtaniya.

Abokin tafiyar daɓe

Bayan an toshe gida, sai maganar abin da zai ɗumama ruwan. Tukunyar gas tana iyawa, amma abin da ya fi dacewa da daɓe shi ne injin janyo zafi, wanda ake girkewa a bayan gida, mai kama da injin na'urar sanyaya ɗaki. Aikinsa irin na firji ne da aka juya. Firji yana kwashe zafi daga cikinsa ya zubar ta baya, shi kuwa wannan inji yana kwaso zafi daga iskar waje, ko da ana zuba ƙanƙara, ya tura shi cikin ruwan bututu. Da yake ɗauko zafin yake yi daga wani wuri, yunit ɗaya na lantarki yakan samar da yunit uku zuwa huɗu na ɗumi. Mai shakkar ko zai jure sanyi, ya dubi ƙasar Norway, inda fiye da rabin gidaje ke amfani da irinsa.

Sirrin haɗin su biyun shi ne, gwargwadon ƙarancin zafin ruwan da aka nema daga injin, gwargwadon arahar aikinsa. Idan ruwan digiri 35 ake so, yana iya bayar da yunit huɗu a kan kowane yunit na lantarki. Idan aka tilasta masa ya kai digiri 55, sai abin ya sauko zuwa uku ko ƙasa. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a Birtaniya, inda yunit na lantarki ya kai kusan ninki huɗu na yunit na gas a farashi. A gidan da ke zubar da zafi, injin zai iya jawo wa mai shi kuɗin da ya fi na gas. A gidan da muka buga lissafinsa a sama kuwa, yunit 1,800 na ɗumi ba zai ci fiye da yunit 600 na lantarki a shekara ba.

Wanda ke son ganin wannan haɗi da idonsa yana iya zuwa Babban Masallacin Cambridge da aka buɗe a 2019, inda injinan janyo zafi ke ɗumama daɓen da ake sallah a kansa.

A nan ya kamata a bambance tsarin ruwa da na wayar lantarki da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin tayil. Na lantarkin yana da arahar sakawa, amma yunit ɗaya yake bayarwa a kan yunit ɗaya. Ya dace da ƙaramin banɗaki na ɗan lokaci da safe. Wanda ya shimfiɗa shi a gida gaba ɗaya zai gane cewa araha ba ta ado ranar da takardar kuɗin wuta ta iso.

Ranar zuba kankare

Aikin da aka binne ba ya gyaruwa cikin sauƙi, saboda haka mai gida ya kasance a wurin, ko ya wakilta wanda ya amince da shi, a kwanakin da ake wannan aiki. Da farko ya tabbatar an yi lissafin zafin da kowane ɗaki ke zubarwa, a rubuce, domin da shi ake sanin tazarar da za a bari tsakanin bututai. Mai aikin da ya ce a ido yake gane wannan, a nemi wani.

Ana fara shimfiɗa allunan tare zafi masu kaurin santimita 10 zuwa 15 ko fiye a ƙasa, a kuma zagaye gindin bango da siririn soso, don kada ɗumi ya tsere ta gefe, kuma daɓen ya samu wurin motsi idan ya ɗumama. A kan allunan ake ɗaure bututu, wanda galibi kaurinsa milimita 16 ne, da tazarar santimita 10 zuwa 20 tsakanin layi da layi. Ba a so zagaye ɗaya ya wuce tsawon mita 100, domin ruwan zai huce kafin ya kai ƙarshe, shi ya sa babban falo kan samu zagaye biyu ko uku. Dukkan zagayen suna haɗuwa ne a wata mararraba da ke cikin kabad, inda ake daidaita ruwan kowane ɗaki. Ba a sa bututu a ƙarƙashin kabad ɗin kicin ko inda firji zai zauna.

Kafin a zuba komai a kai, sai an cika bututan an matsa su da ƙarfi don a ga ko akwai yoyo, kuma a bar su a matse har a gama zubi. Mai gida ya ɗauki hoton kowane ɗaki da abin awo a shimfiɗe a gefe, ya adana. Wata rana wani kafinta zai zo da abin huda ƙasa, kuma wannan hoto ne zai raba shi da fasa bututu.

Daga nan sai a zuba kwaɓin siminti da yashi mai kaurin milimita 65 zuwa 75 a kai. Wannan kwaɓi ba ya son gaggawa, yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya bushe yadda za a ɗora masa katako. Ba a kunna ɗumi sai ya yi aƙalla kwana 21, kuma a fara da ruwa mai digiri 25 ko ƙasa, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Wanda ya ƙosa ya tare ya kunna da ƙarfi, zai ga daɓensa ya tsattsage.

Haka kuma a sani cewa daɓen kankare yana ɗaukar sa'o'i kafin ya ɗumama, yana kuma ɗaukar sa'o'i kafin ya huce. Ba a yi masa kunna-kashe kamar hitar bango. Ana saita shi ne a bar shi yana aiki a hankali, a rage digiri ɗaya ko biyu da dare.

Kafet, tururi da turaren wuta

Akwai wasu al'adunmu na zaman gida da ya kamata a gaya wa mai zanen gini tun farko. Ta farko ita ce son kafet mai kauri, wani lokaci ma a ɗora darduma a kansa. Kafet bargo ne, kuma bargon da aka rufa wa daɓe yana hana ɗumi fitowa. Tayil da dutse su ne suka fi sakin ɗumi, sai katakon da aka sarrafa domin wannan aiki. Idan ba makawa sai kafet, masu sayarwa suna da ma'aunin da suke kira tog, kuma ana so jimillar kafet da shimfiɗar ƙarƙashinsa kada ta wuce 2.5, idan kuma da injin janyo zafi ake aiki, kada ta wuce 1.5. Ƙaramar dardumar sallah da ake naɗewa ba ta da matsala. Katifar da ke kwance a ƙasa dare da rana ita ce ke tare ɗumi.

Ta biyu ita ce girki. Tukunyar da ke tafasa awa biyu ko uku, ga wanki da aka shanya a cikin ɗaki saboda ruwan sama, duk tururi ne da ke neman wurin sauka. A gidan da aka toshe ba tare da na'urar sauya iska ba, zai sauka a kusurwar bango ya zama fumfuna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Disambar 2020 wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a garin Rochdale, kuma binciken da aka kammala a watan Nuwamban 2022 ya tabbatar da cewa daɗewa cikin fumfunar gidan hayar iyayensa ce ta yi sanadi. Saboda haka kada uwargida ta kashe na'urar sauya iska da sunan tsimin lantarki, kuma a riƙa sauya matatarta kamar yadda kamfanin ya tsara.

Ta uku ita ce garwashi. Gawayi yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ta riƙa kashe mutane a Koriya. Kada a shigo da kaskon gawayi ɗaki don jin ɗumi ko gashi, a kowane irin gida. Mai son turaren wuta ya koma kaskon lantarki, ko ya buɗe taga har garwashin ya mutu, sannan a maƙala na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska.

Ina ya kamata kuɗin ya fara zuwa?

Wani abin mamaki shi ne, a gidan da ya cika ma'aunin Passivhaus, buƙatar ɗumi ba ta wuce kimanin wat 10 a murabba'in mita ko a ranar da ta fi sanyi. Bisa lissafin da muka yi a baya, daɓen zai fi iskar ɗaki da digiri ɗaya ne kacal, wato mai tafiya ba takalmi ba zai ji wani ɗumi na a-zo-a-gani ba, sai dai ba zai ji sanyi ba. Shi ya sa wasu masana ke ganin a irin wannan gida ƙananan hitocin bango biyu ko uku sun wadatar. Magina da yawa sukan raba gardama, su sa bututu a daɓen ƙasa inda za a zuba kankare ko da ma ba bututu, su sa hitar bango mai faɗi a ɗakunan sama.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, idan kuɗi ya gaza, bututu ne ya kamata a haƙura da shi, a bar kaurin bango da ingancin taga yadda aka tsara. Injin ɗumama ruwa ana sauya shi bayan shekara 15 ko 20, kicin ma ana sauya shi duk lokacin da hali ya samu, amma abin da aka binne a ƙarƙashin kankare da cikin bango yana nan muddin gidan yana tsaye.

Akwai kuma tallafin da ya kamata a bincika. A Ingila da Wales, gwamnati ta ƙara tallafin sayen injin janyo zafi daga fam 5,000 zuwa fam 7,500 a watan Oktoban 2023, kuma tsarin ya haɗa da wanda ya gina gidansa da kansa, ban da gidajen da kamfanoni ke ginawa don sayarwa. Mai gina gidan da zai zauna a ciki yana kuma iya neman hukumar haraji ta mayar masa da harajin VAT da ya biya a kan kayan gini, muddin ya adana rasit. Wata doka ta 2015 ta wajabta wa ƙananan hukumomin Ingila su buɗe rajistar masu neman filin gina gidan kansu, kuma a Graven Hill da ke garin Bicester an ware unguwa guda domin irin waɗannan magina. Da yake sharuɗɗa suna sauyawa, a tabbatar da su daga hukuma kafin a sa hannu a kowace kwangila.

Wanda ya sayi tsohon gida shi ma tsarin bai sauya masa ba. Ya fara da saman silin, inda ake ba da shawarar shimfiɗa insuleshan mai kaurin milimita 270, sai ramukan ƙofa da taga, sai bango, kafin ya yi tunanin fasa daɓe. Shi kuwa ɗan haya, wanda ba shi da ikon taɓa gini, yana da labule mai kauri da robar toshe gefen ƙofa, kuma yana da haƙƙin kai ƙara a rubuce idan ya ga fumfuna. Tun daga watan Oktoban 2025 doka ta ɗora wa masu gidajen hayar hukuma da na ƙungiyoyin gidaje a Ingila wa'adin da dole su bincika irin wannan ƙara su kuma gyara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗakin da ake zaune a ciki ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi, musamman inda akwai tsofaffi, jarirai ko marasa lafiya. Tambayar da mai shirin gini zai yi wa mai zanensa a zaman farko ita ce, yunit nawa gidan nan zai ci a shekara kafin ya riƙe wannan ɗumi, kuma a rubuta amsar a takarda. Idan amsar ta yi kyau, sai a zo maganar bututu da launin tayil.